Tambulan ɗin Jofrisse Meque

Shekara ashirin da shida Jofrisse Meque ya yi yana yi wa manyan jiragen ruwa jagora zuwa tashar Beira, ta mashigin nan mai ƙunci da ƙarancin zurfi, ko ɗaya bai taɓa kafewa a laka ba. Duk da haka mutanen tasha ba su sakankance da shi ba, saboda wani tambulan. Duk jirgin da ya hau sai ya ciro shi daga jaka, ya cika da farin ruwa daga kwalba, ya girke gaban taga. Wasu suka ce giyar nipa ce, wasu suka ce asirin bokayen yankin Buzi. Shi kuwa bai taɓa bayani ba, don yana zargin matasan jagorori gurbinsa suke haƙo.

A daminar 1987 aka turo jami'ar tasha, Dona Felismina Dauce, ta hau wani jirgin alkama tare da shi. Ya san dalili: in ta tabbatar da zancen giya, takardar aikinsa ta tafi ke nan.

"Baba Meque, yau ni ma a sam mini," in ji ta, tana hararar tambulan.

"'Yata, wannan ya fi ƙarfin masu takalmin ofis."

Suna tsakiyar mashigi teku ta soma janyewa, kyaftin ya matsa a ƙara gudu. Meque bai ko dube shi ba, idonsa na kan tambulan, wanda ruwansa ya fara rawa.

"A rage wuta," in ji shi.

Kyaftin ya nuna na'urar auna zurfi, wai da sauran zurfi.

"Na'urarka goshin jirgi ta sani," in ji Meque. "In ba zurfi, jirgi mai gudu durƙusawa yake kamar kaza kan ƙwai, gaɓa kuma na jan bayansa. Kafin ya taɓa ƙasa sai ya yi makyarkyata. Ga ta nan."

Aka rage. Baƙar laka ta taso a bayan jirgi, sannan ruwan tambulan ya kwanta.

Da suka isa, Dona Felismina ta ɗauki tambulan, ta sansana, ta kurɓa. Ruwan famfo ne. Haka ta rubuta, ya kuma ƙara shekara biyar a bakin aiki.

Ragowar ruwan kuwa karɓewa ya yi, ya tsiyaye a teku yana motsa baki. Ta gani sarai, amma rahotonta bai ambata ba.