Goggo Ozite da Yatsun Mahaifina

Ina neman gafarar Fada, limaminmu, da masu karanta jaridar cocinmu. Ɗaliba ce ni a sakandare, ban taɓa rubuta komai ba in ba na jarrabawa ba, kuma akwai manya da suka fi ni cancanta. Amma na kasa yin shiru.

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1995, Allah ya karɓi ran Goggo Ozite Guidry, tana da shekara sittin da takwas.

Goggo, ba mu haɗa jini ba, amma kowa a wannan gaɓar teku ta jihar Louisiana haka yake kiranki. Ba a taɓa yin biki ko makoki ba tare da tukunyarki ta miyar gumbo ba. Muna yara mukan kalli lanƙwasassun yatsunki a kan ludayi, iyayenmu su ce sanyin ƙashi ne.

Shekara uku da suka wuce mahaifina, Clovis Arceneaux, ya dafa injin jirginsa na kamun jatan lande, tafinsa ya ƙone bai ji ba. Likita ya ce kuturta ce, amma tana warkewa in ya riƙa shan dapson kullum, tare da wasu magunguna, har shekara biyu. In ya ƙi, hannun zai lalace. Baba ya ƙi. Ya cusa kwalbar maganin cikin takalmin ruwa, ya daina fita. Mu biyar ne muke ci daga hannun nan.

Mama ta gaya miki tana kuka. Washegari da safe kika shigo kicin ɗinmu ba sallama.

"Clovis, kai da ka yi min fitsari a cinya ranar baftismarka, ni za ka ɓoye wa fuska?"

"Goggo, ki rabu da ni. Gara na mutu da a ce da yarana 'ya'yan kuturu."

"Wa ya ce maka mutuwa za ka yi, sakarai? Yatsun ne za su tafi ɗaya bayan ɗaya, kana kallo."

Sai kika shimfiɗa hannuwanki a kan tebur, kika faɗi abin da kika rufe shekara arba'in. Kina da shekara sha huɗu aka kai ki asibitin kutare na bakin kogi. Kamar yadda ake yi a lokacin, aka sauya miki suna don kada dangi su ji kunya, a gida kuma aka ce kin tafi zama a wajen 'yan'uwa a Texas. Shekara goma sha biyu kina amsa sunan da ba naki ba. Maganin ya zo bayan yatsunki sun riga sun lanƙwashe, amma shi ya buɗe miki ƙofar fita daga asibitin.

"Da na same shi da wuri kamarka," kika ce, "da yanzu ina saka zare a allura. Ungo, haɗiye."

Ya haɗiye. Daga ranar, kullum kina tafe da kofi mai ɗaci, kina tsaye sai ya buɗe baki kin duba, kamar jariri. Da tabon cutar ya dushe ya ce ya warke, kika ce, "Likita ne kai yanzu? Ai ban ga takardarka ba."

Labari ya fita, mutane suka daina miƙa masa hannu. Wata Lahadi bayan sujada kika tsaya a harabar coci, kika ɗaga hannuwanki sama. "Ciwon Clovis ne na yi. Shekara arba'in kuna lashe kwanon miyata, wanne cikinku ya rasa yatsa?" Wasu sun janye daga gare ki bayan haka, kin sani, ba ki taɓa ambata ba.

Baba ya gama maganinsa bara. Ranar Juma'a yana cikin mutum shida da suka ɗauki akwatin gawarki. Da muka dawo gida ya ce da Mama, "Na ji sanyin ƙarfen akwatin a tafina." Sannan ya zauna ya yi kuka.

Allah ya ji ƙanki, Goggo, ya gafarta miki, ya ba ki hutawa ta har abada. Ya ba ƙanenki Kawu Ulysse da iyalinsa haƙurin wannan rashi, da mu duka.

Fada, akwai sauran alherinta da takardata ba ta ɗauka ba. In ba a ga rashin kunya a wannan ba, ina roƙon a yarda in sake rubutowa.

Noelie Arceneaux