Injiniya Almustapha Isa da Injin Kumfa na Wurno

Haihuwa

An haifi Almustapha a garin Wurno a shekarar 1961. Mahaifinsa Malam Isa da mahaifiyarsa Fatsuma manoman albasa ne, suna da fadama mai albarka, amma takin zamani ya fi ƙarfinsu kowace shekara. Ƙanensa ɗaya ne, Maccido, wanda bai wuce firamare ba, ya zama mai walda a Achida.

Karatu da aure

Ya yi sakandare a Sakkwato, sannan ya karanci ilmin sarrafa ma'adinai a Zariya, ya kammala a 1986. Ya auri Atika, 'yar Rabah, a 1989.

Aiki

A 2004 ya zana injin da zai tsamo sinadarin taki daga wani dutse na yankin. Ana niƙa dutsen, a dama shi da ruwa da wani mai irin na sabulu, farfela ta hura iska, sinadarin ya manne wa kumfa ya taso a kwashe, yashi ya kwanta. Maccido ne ya haɗa tukunyar ƙarfen da ake damawa a ciki. Wata bakwai kumfar tana mutuwa, har Almustapha ya sauya farfela sau huɗu. Rannan Maccido ya ce masa a gaban manoma: "Yaya, mi kaka nema ga farfela? Ruwan rijiyag ga zartsi na, ko matanmu ba su wanki da shi." Aka ɗebo ruwan gulbi daga Goronyo, kumfa ta tashi. Tun daga ranar jama'a suke cewa "injin Maccido".

Shekarun baya

Wannan suna ya tsaya masa a rai. A 2006 ya wallafa sakamakon binciken bai ambaci ƙanen ba, ya mayar da aikin waldarsa wani shago, kuma shekara goma sha biyar yana wuce Achida ba ya tsayawa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2021 bayan gajeriyar jinya. Maccido ne ya yi masa wanka, aka binne shi a Wurno bayan la'asar. Ya bar 'ya'ya uku: Ja'afar, Habi da Nafisa. Da Nafisa ta zo gyara takardunsa, ta tarar kowane zane tun daga 2005 yana ɗauke da rubutu ɗaya a gefe: "A fara gwada ruwa, in ji Maccido." Ta fahimci cewa mahaifinta ya yarda da gaskiyar ƙanensa tun ranar farko, faɗinta a gaban mutane ne ya gagare shi.