Ranar da na hana abokina haɗa magani

Shekarun baya, muna ƙarshen sakandare, akwai wani wasa da ya shiga ranmu. Ana zama a kewaye tebur, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda, mutum ɗaya yana jan labarin yana yanke hukunci, ɗan lido mai fuska ashirin kuma ya nuna ko ka yi nasara. Mahaifiyata dai har yau gani take caca ce.

Ni ne mai jan labarin, saboda ni kaɗai na haddace littafin dokokin, ni da ko jadawalin lissafi ban riƙe ba. Duk Lahadi bayan la'asar nakan taso daga Rijiyar Lemo zuwa shagon rediyo na mahaifin abokina a Sabon Gari. Abokin nan nawa Ibo ne, Kirista, amma a Kano aka yanke masa cibiya. Garin iyayensa sau biyu ya taɓa zuwa.

A makon da nake ba ku labari, an mayar masa da takardunsa na neman tallafin karatu, wai ba ɗan asalin jiha ba ne. Mahaifinsa ya ce tunda haka ne, sai ya koma Gabas wajen baffansa. Duk mun sani, babu dai wanda ya iya tayar da zancen.

Jaruminsa a wasan da baiwa aka haife shi, idan ya ɗora hannu a kan rauni sai ya warke. Wata shida yana tara maki don ya ɗauki ƙwarewar haɗa magani a kwalba, yadda ko ba ya nan sauran jaruman za su samu abin sha idan an sare su. A Lahadin makon ne makin ya cika.

Na buɗe littafi na ce, "Sharaɗin ƙwarewar nan, sai wanda ya koyi sihiri. Taka baiwa ce, kama da sihiri kawai take yi."

Ya ce, "Haba mutumina. Ai aikin ɗaya ne. Sau nawa na tashi mutanen nan?"

"Aiki ɗaya ne, amma a rubuce ba ɗaya ba ne."

"Wato komai na iya, sai dai takarda ta ce ban isa ba ke nan?"

Ɗaya daga cikin abokanmu ya taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ni kuwa gogan naku, alƙalin alƙalai, na ɗauka goyon bayan abokinmu kawai yake yi. Na juya littafin na nuna layin da yatsa, na ce, "Ni ba ni na rubuta ba."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki magogi ya goge abin da ya riga ya rubuta da fensir, ya hure takardar, ya ce, "Shi ke nan, a ci gaba." Aka ci gaba. Sati biyu bayan nan ya hau mota, ban ma samu raka shi tasha ba.

Muna gaisawa a waya da Sallah da Kirsimeti. Sau ɗaya na kawo maganar, ya yi dariya ya ce ya manta. Na san ƙarya yake yi min don ya sauƙaƙa min, abin ya fi ciwo.

Daga baya ina sake duba littafin, na ga a farko-farkonsa an ce idan doka ta zo da ruɗani, hukunci na hannun mai jan labari. Na karanta wurin tun da can, tsallake shi na yi don ba ya ƙara min girma.

Ban isa in ba shi tallafin karatu ba, ban isa in hana shi tafiya ba. A duk faɗin Kano, a kan teburin nan ne kaɗai amsar take hannuna, kuma a nan ma a'a na ce masa.