Katin Kamfanin Jirgi Ya Zaunar da Innata a Yamai

Edita, a lokacin da abin nan ya faro ni matar aure ce 'yar shekara ashirin da biyar, shekarata biyu da zuwa Greensboro daga Maradi. Ina kitso a wani shago da ke gabashin gari kusa da jami'a, maigidana kuma yana aikin loda kaya a wani babban sito. A cikin matan ƙasarmu ni ake yi wa kallon wayayyiya, don na yi boko a gida, Turanci kuma ya zauna a bakina da wuri. Wasiƙar asibiti, takardar makarantar yara, duk ni ake kawo wa in karanta in fassara. Wannan kallon ya shiga kaina sosai, har na ɗauka babu takardar da za ta yi mini wayo a ƙasar nan.

Wata rana na raka ƙawata filin jirgi, sai wani saurayi mai kwat da ke tsaye bayan teburi ya tare ni. Ya ce katin bashi ne na wani kamfanin jirgin sama, duk dalar da na kashe da shi za a rubuta mini maki ɗaya, in makin ya taru in karɓi tikiti kyauta zuwa ko'ina a duniya. Na tambaye shi har sau biyu ko wannan ko'ina ɗin ya haɗa da Nijar, kuma ko zan iya yanka wa mahaifiyata tikitin. Ya ce ƙwarai kuwa, yana ta murmushi. Yau in aka ce in rantse zan rantse cewa yaron nan ko a taswira ba zai iya nuna Nijar ba. Na cika takarda a tsaye, ya ba ni kyautar wata 'yar jaka. Da na koma gida maigida ya ɓata rai saboda maganar riba. Na ce masa duk ƙarshen wata zan biya abin da na kashe cif, ba za a taɓa ɗora mini ruwa ba, kuma na cika wannan alkawari. Don haka ba labarin cin bashi na zo ba ku ba.

Shekara uku na yi ina bauta wa katin nan. Gashin kitso, man mota, cefane, katin kiran gida, komai da shi nake biya. Mace ta ce za ta sayi firji, in ce ta ba ni kuɗin a hannu in goga mata katina. Da babbar Salla mazanmu kan haɗu su je wata gona a Pleasant Garden sayen ragunan layya, ni kuwa in bi su a baya don ni zan biya mai gonar. Har mata suka sa mini suna Hajiya mai kati, ni ko a jikina. Duk shekara kamfanin na cire kuɗin riƙon kati, ina ganin ai ba komai ba ne a kan tikitin Afirka. Akwai ɗan abin da muka daɗe muna ajiyewa saboda tafiyar gaggawa. Maigida ya ce a bar shi inda yake, ni kuma na matsa sai da aka aika da shi gida aka sayi bulo da siminti. Na ce masa ya daina damuwa, tikitin Inna yana cikin jakata.

Ana nan sai Allah ya ba ni ciki, bayan ɓari biyu da na yi a baya. A wajenmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, ita za ta yi miki wankan jego, ta dama miki kunun kanwa, ta koya miki riƙon jariri. Takarduna ba su kammala ba balle in tafi gida, don haka Inna ce za ta zo. To amma wace 'ya ce za ta ɗaga waya ta ce wa uwarta tana da ciki, balle na haihuwar fari? Ga kunya, ga tsoron baki bayan abin da ya same ni sau biyu. Duk Lahadi ina kiranta mu yi ta hirar farashin hatsi da lafiyar maƙwabta, in ajiye waya ban ce komai ba. Sai da cikin ya shiga wata shida yayar maigida ta je har gida ta sanar da ita yadda aka saba.

Inna ba ta yi wata-wata ba. Ta bar gonarta a hannun maƙwabta ga damina ta kama, ta hau mota zuwa Yamai, ta sauka gidan ƙanenta. Aka yi fasfo, aka shiga layin biza, Allah ya taimaka aka ba ta, amma ta wata biyu kacal. Ta haɗa buhu guda na kanwa da yaji da daddawa da kuka, da zannuwan goyo da ta sa aka saƙa. Ranar da ta gaya mini biza ta fito, ranar na fara kiran kamfanin jirgin, cikina yana wata takwas. A tunanina abin kamar ɗebo hatsi ne daga rumbunka, ranar da ka so ka buɗe.

Matar da ta ɗauki wayar murya gare ta mai daɗi, har da taya ni murna. Ta duba ta ce makina ya isa har ya yi saura. Sannan ta ce sai dai jiragensu ba sa zuwa Nijar, wani kamfani ne abokin hulɗarsu ke zuwa, shi kuma kujeru kaɗan yake ware wa masu maki, ana kuma kwashe su tun kusan shekara guda kafin ranar tafiya. Kujera ta farko da ta gani sai wajen ƙarshen shekara, lokacin bizar Inna ta daɗe da mutuwa. Na ce mata wato kenan tun kafin Allah ya ba ni cikin ya kamata in san ranar haihuwata? Ta ce ta fahimci damuwata. Na tambaye ta a ina aka rubuta wannan, ta ce yana cikin ɗan littafin da aka aiko da katin. Na lalubo shi, yana nan kuwa, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, a shafin da ba wanda zai kai. Ta ƙara da cewa in ina so akwai kujerar Florida a satin nan, ko in canza makin a riƙa aiko mini da mujallu.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Mu mutanen da muka baro gida, me ke kai mu gida ko ya kawo namu nan? Haihuwa, rashin lafiya, rasuwa. Wanne daga ciki ne ke ba da sanarwar shekara guda? Sun san da irinmu, sun ga inda nake kira duk sati a takardar katin, suka yi shekara uku suna karɓar kuɗin riƙo suna aiko mini da hotunan bakin teku. Ba su yi ƙarya a takarda ba, amma wallahi yaudara ce.

Sai dai laifin da ya biyo baya nawa ne. Tikitin kuɗi a tsakiyar babban hutun Amurka ya fi ƙarfinmu, ajiyarmu kuwa ta zama bulo. Da na buɗe baki na gaya wa matan adashinmu, da sun haɗa. Amma yaya Hajiya mai kati za ta ce ba ta da tikiti? Sai na zauna ina kiran kamfanin kullum ko wani zai fasa tafiya, ina ce wa Inna sati mai zuwa. Maigida bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Ana haka naƙuda ta zo kafin lokaci, aka yi mini aiki aka ciro 'ya mace. Maigida ya bar aiki sati biyu ba albashi yana jinyata. Sai ranar suna mata suka san gaskiya, lokacin saura kwanaki biza ta ƙare. Wata dattijuwa 'yar zangon Ghana ta zaunar da ni ta wanke ni tas, ta ce girman kai ne ya hana ni uwata, ba kamfani ba. Ita ce kuma ta riƙa zuwa da safe kafin ta tafi aiki tana yi mini wankan jego a bahon bayi har na yi arba'in.

Sati bakwai Inna ta yi a Yamai bayan fitowar biza da buhunta a bakin ƙofa, sannan ta koma Maradi ta rarraba kayan ga masu jegon unguwa. Shekara ta zagayo muka tara kuɗin tikiti a hannu, ta koma neman biza aka hana ta. Ta sake komawa aka sake hanawa. Katin na yanka shi da almakashin shago, makin kuma daga baya suka aiko wasiƙa cewa ya mutu don na daina amfani da shi.

Abin da na koya shi ne, makin jirgi ba ajiya ba ne, alkawari ne da mai shi ke cikawa ranar da ya ga dama. 'Yan uwa da ke ƙasashen nan, kafin ku karɓi irin wannan kati ku kira ku tambayi kujerar garinku a watan da kuke so, ku ji amsa da kunnenku. Kuɗin tafiyar gaggawa ku bar shi kuɗi. In kuma kun shiga matsala ku faɗa wa naku da wuri. 'Yata yanzu shekararta biyar, a waya kawai ta san kakarta. Bara ƙanwata ta gaya mini abin da Inna ta ɓoye mini: da ta koma gida cewa ta yi ita ce ta ji tsoron jirgi ta fasa, don kada a ce 'yarta da ke Amurka ta kasa kawo ta. Har yau matan unguwa suna tsokanarta da haka a gidan biki, ita kuma tana taya su dariya.