Wilin Aro a Ƙafar Ƙaramar Mota

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura taya a Dubai, a shago ɗaya, kuma ban taɓa ɗaura wadda ban auna ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma lambobin da ke jikin taya na iya karanta su. Ta farko faɗin taya, ta biyu tsayin gefenta, ta uku girman wilin da za ta hau. Wanda ya bi waɗannan ukun a jere ba ya cutar mota. Da wannan na yi suna. Masu tseren gwaninta na ƙarshen mako, Larabawa da Indiyawa da Turawa, in sun zo shago ba sa neman mai shago, cewa suke a kira musu ɗan Najeriya. Ba ni da gida a garin nan, ɗaki nake haya a unguwar Satwa tare da mutum uku. Sunan nan shi ne abin da na tara, shi ne kuma ƙanen matata ya so ya zubar mini a safiya ɗaya.

Bari in fara da yadda tseren yake. Ba irin wanda motoci ke gudu tare ba ne. Ana samun babban filin ajiye motoci da ba kowa, a jera robobin nan masu tsini, ruwan lemo, irin na masu gyaran titi, a fitar da hanya mai lanƙwasa. Mota ɗaya ke shiga, ta zagaya, agogo na ƙirga mata. In ka ture roba a ƙara maka sakan biyu. Motocin rukuni-rukuni ne: akwai na motar da take yadda kamfani ya ƙera ta, akwai na waɗanda aka yi wa aiki. A rukunin farko doka a fili take. Faɗin wili kada ya wuce na kamfani, girmansa kuma inci ɗaya kawai za ka iya ƙarawa ko ragewa. Taya ce aka bar maka ka zaɓa.

Ƙanen matata dillalin kago ne a kasuwar Murshid Bazaar. Yana ɗaure wa 'yan kasuwa kaya, yana loda su a kwantena zuwa gida. Ya haura shekara talatin, gemu a gyare kullum, turarensa na riga shi isowa. Yana da ƙaramar mota fara 'yar Japan da ya saya hannu na biyu, wilinta inci sha biyar, faɗi biyar da rabi. Ya ga tseren a waya, ya shelanta wa duk Murshid cewa zai shiga, ya sa sunansa a rukunin motocin kamfani, sannan ya tuna yana da suruki mai ɗaura taya. A haka ya jera abin, tambaya ita ce ta ƙarshe.

Ranar Alhamis da la'asar ya tsaya a ƙofar shagonmu yana danna hon.

"Yaya, fito ka ga alheri. Ƙafar manya na kawo a ɗaura mini."

"Motar ce ta girma, ko kan mai ita?"

Ya buɗe but da kujerar baya. Wili huɗu, inci sha takwas, masu ƙyallin da za ka duba fuskarka a ciki, an riga an sa musu tayoyi masu faɗi. A ƙarƙashinsu ga kwalayen da aka zare su, an rubuta Kano da baƙin alƙalami a jikin kowanne.

Na ce, "Na waye?"

"Na wani Alhaji ne. Kwantenarsa sai mako mai zuwa za ta tashi. Aro ne na kwana biyu, Yaya, in mayar su cikin kwali ba wanda ya sani."

"Tayoyin fa?"

"Daga tarin da za mu aika gida na zaɓo. Da hannuna. Duba zanen nan, ko ƙasa bai taka ba."

Ya cusa babban yatsansa cikin zanen taya ɗaya, ya buga ta da ƙafa, ya dube ni yana jiran yabo. Haka mutanenmu ke sayen tsohuwar taya a gida: a cusa yatsa, a buga da ƙafa, in zane ya yi zurfi shi ke nan an yi dace. Wannan ilimi shi ya haye teku da shi, ya zauna shekara shida a garin da kwalta ke ƙona tafin takalmi, bai ƙara komai a kai ba.

Ban yi musu ba. Na bi abin yadda na saba. Da farko na sa tef: faɗin wili inci takwas, ya zarce na kamfani da biyu da rabi. Bayan nan na cire ƙafa ɗaya ta motarsa na ɗora a sikeli, na ɗora ta Alhaji, ta fi ta da kilo bakwai da wani abu. Sai na tsayar da su kusa da juna, ya gani da idonsa ta aron ta fi tsayi da faɗin yatsu biyu. Daga ƙarshe na juya tayar na nuna masa lambobi huɗun da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Ta haura shekara bakwai. Na danna mata farce, robar ta bushe kamar tafin tsohon silifas.

Na ce, "Saurara. Injin motarka ƙarami ne. Ka ɗaura masa nauyin nan a ƙafa huɗu, zai tashi kamar mai ɗauke da buhu. Ƙafa mai tsayi kuma za ta sa giya ta biyu ta yi kasala, a filin nan kuwa giya ta biyu ce aikinka duka. In ka murza sitiyari zuwa ƙarshe, faɗin nan zai ci madigadi. Kuma tun kafin a kai ga wannan, mai duba motoci zai kore ka daga rukunin."

"Yaya, ka tsufa a cikin lamba. Wa ke kallon mota mai ƙananan ƙafa? Mutanen Murshid za su zo, ka sani. In shigo musu da ƙafar keken ɗinki?"

"Agogon filin ba ya kallon ƙyalli."

Na gaya masa abin da ya dace: ya bar wilinsa na kamfani, in sa masa taya mai faɗin milimita ɗari da casa'in da biyar, gajeren gefe, roba mai laushi. Ta ɗan fi ta kamfani faɗi, ta fi ta gajarta, motar za ta tashi da wuri ta kuma riƙe kwana. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To ɗaura mini waɗannan dai, sauran ka bar ni da Allah."

"Hannuna ba zai taɓa su ba."

"Zan gaya wa Yayata."

"Gaya mata. Ita ma ta san ba na cin abinci kafin in wanke hannu."

Ya tafi. Bayan sa'a biyu ya dawo, an ɗaura masa a wata rumfa da ke bayan sitonsu, inda ba a tambayar komai. Motar ta yi kama da yaro sanye da takalmin ubansa. Ya sauke tsofaffin wilinsa huɗu a ƙofar shago, don ba wuri a ɗakinsa na unguwar Karama.

"Ajiye mini, ko ka yi murhu da su."

Na ajiye. Akwai tayoyi huɗu daidai girman da na faɗa masa, wani Ba'indiye ya bar mini su da ya sauya mota, sau biyu kacal ya shiga tsere da su. Washegari na sa su a wilin nan, na daidaita nauyinsu ɗaya bayan ɗaya, na jera a bayan akori-kurar shago na rufe da tamfol. Ba tausayi ba ne. Na dai san abin da zai biyo baya.

Duk ranar tsere mai shago kan aike ni filin da injin iska da gejin auna iskar taya, don kwastomominmu. Asabar da hantsi ina can, motoci biyar na layi a gabana, sai ga mutanen Murshid a mota biyu, da kaftani da filas ɗin shayi, kowa ya ɗaga waya. Bayansu ga gwanin. Da ya murza sitiyari zai shigo ƙofar fili, sai muka ji ƙurrr, taya na cin madigadi. Mutanensa suka ɗauka ƙarar ƙarfin inji ce, suka yi tafi.

Mai duba motocin wani dattijo ne Balarabe, mai ƙarancin magana, shekara takwas yana kawo mini ƙafafun motarsa. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya sa tef. Ya zura hannu cikin madigadi ya fito da yatsu baƙi ƙirin da garin roba. Ya durƙusa ya karanta lambobi huɗun nan, ya daɗe a durƙushe.

Ya ce, "Habibi, wa ya ɗaura maka wannan?"

Ƙanen matata ya juyo, ya miƙa hannu ya nuna ni, ya ɗaga murya da Turanci don kowa ya ji.

"Mijin yayata. Ga shi can, wanda duk kuka sani."

A tunaninsa sunana takardar wucewa ce. Dattijon ya ɗago ya dube ni. Mutanen da ke layina suka waiwayo. Wani Bature da ke gaba, wanda nake shirin auna wa iska, ya buɗe motarsa a hankali ya ɗauko gejinsa, ya durƙusa yana aunawa da kansa. Shekara biyar bai taɓa yin haka a gabana ba.

Na ajiye bututun iska. Na taka zuwa wurinsu, ban yi sauri ba. Na yi masa magana da Hausa.

"Maimaita."

"Haba Yaya, rufa mini asiri mana. Mutanena na kallo."

"Nawa mutanen makafi ne?"

"Kalma ɗaya ce fa, ka ce masa ba matsala, ya bar ni in shiga."

Daga cikin 'yan Murshid wani ya leƙo da kyau ya ce, "Kai, ba wilin Alhaji ba ne wannan? Wallahi ni na ɗaure kwalin!" Suka fashe da dariya, wayoyin kuwa ba wanda ya sauke.

Dattijon ya duba agogonsa ya ce saura minti ashirin a rufe duba motoci, kuma da waɗannan tayoyi ba rukunin da zai bar shi ya shiga.

Na je na yaye tamfol. Ƙanen matata ya ga wilinsa huɗu a jere, kowanne da tayarsa. Ya yunƙuro zai ɗauka, na tare.

Na ce, "Abu uku, kuma a jere. Ka gaya wa dattijon nan, da yaren da yake ji, cewa na auna na ƙi ɗaurawa. Ka gaya masa inda aka ɗaura. Sannan kai za ka gangaro da ƙafafun nan da hannunka, da farin kaftaninka."

"Yaya, gaban mutane?"

"Gaban mutane ka nuna ni."

Ya tsaya yana murza gemu. Ya dubi 'yan Murshid, ya dubi agogo. Sai ya faɗa, ƙasa-ƙasa, rabin Turanci rabin Larabci, yana kallon takalminsa. Na ce ban ji ba, kuma Baturen can ma bai ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi: ya kawo mini ranar Alhamis, na auna, na ɗora a sikeli, na ƙi, ya kai wata rumfa aka ɗaura masa.

Dattijon ya goge yatsunsa da ƙyalle. Ya ce, "Kalas," wato shi ke nan. Ya dube ni ya ce, "Yalla," wato in yi maza.

Jak, sifana, noti huɗu a kwance su a gicciye. A cire, a ɗora, a ɗaure da hannu tukuna, a sauke mota, sannan a ƙarasa ɗaurewa da awo. Iska a ƙafar gaba ta ɗan fi ta baya. Shi kuma yana gangaro mini da su ɗaya-ɗaya, gumi na zuba, gaban kaftani ya yi baƙi. Minti goma sha huɗu na gama. Dattijon ya sake sa tef, ya manna takarda a gilashi.

Tseren nasa ba abin ba da labari ba ne. Zagayen farko ya ɓata hanya, ya bi ta inda ba a bi. Na biyu ya ture robobi biyar, ɗaya ta maƙale a ƙarƙashin mota ya ja ta har ƙarshe. Na uku ya ture ɗaya. A mutum goma sha ɗaya na rukuninsa ya zo na goma, na bayansa kuwa motarsa ce ta mutu a tsakiyar fili. Amma motar ta tashi da wuri, ta riƙe kwana, ba ta ci madigadi ko sau ɗaya ba. Abin da ke hannuna ke nan, sauran na direba ne.

Da ya cire hular kwano sai ya ce mini, "Yaya, ka sani da manyan nan ne da na fi haka."

Na nuna masa wilin Alhaji, ɗaya ya riga ya karce a baki, na ce ya kwashe su daga bayan motar shago kafin in tashi. Yadda suka ƙare da Alhajin ban tambaya ba.

Baturen ya dawo layi kafin zagaye na biyu, ya mayar da gejinsa cikin mota. Ranar Litinin dattijon ya zo shago a duba masa ƙafafun motarsa huɗu, ya ce a kira masa ɗan Najeriya. Sai dai bai shiga ofis ya sha shayi ba kamar yadda ya saba. Ya tsaya a kaina, hannu a baya, yana kallo ina aunawa, tun daga ta farko har ta huɗu. Sai a zuwansa na gaba ya ajiye mini mukullin mota ya wuce ofis.