Ramukan da Na Haƙa a Gonar Ƙanin Surukina

Ko da zan manta da ranar da aka miƙa mini digiri, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a da na tsaya a bakin wata gona a Lajawa, ina roƙon Allah a zuci ƙasa ta tsage in shige. Shekaru sun ja, 'ya'yana har sun tasa, amma in abin ya faɗo mini ina cin abinci, sai in ajiye lomar.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin kwamfuta a nan Wudil, kuma ban daɗe da aure ba. Aikin bincikena wata manhaja ce da na gina da kaina. Bari in yi bayaninta a sauƙaƙe, don matata ma na sha fama da ita kafin ta daina ce mata wasan ɗigo-ɗigo. Ka ɗauki siffa mai miƙaƙƙun gefuna, kamar fili ko bulo, irin wadda masu lissafi ke kira folihidiron, ka ɗauka cikinta cike yake da ɗigo sahu-sahu. Kai dai ka ba manhajar iyakokin siffar, ita kuma ta rubuta maka umarnin kwamfuta mai maimaita kansa, wanda muke ce wa lup, da zai bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ya tsallake ko guda, ba ya taka ɗaya sau biyu, ba ya leƙawa waje. Masu son manyan lissafe-lissafe su yi sauri a kwamfuta su ne ke neman irinta. Ran da ta fara fitar da lup daidai, wallahi kaina ya kumbura har hula ta so ta ƙi shiga.

Amma tana da wani hali. Ba ta san siffar da ta lotsa ciki ba. In ka ba ta kusurwoyi, sai ta zagaye su kamar yadda ake ɗaure kaya da roba, kusurwar da ta shige ciki kuwa ta watsar da ita ba tare da ta ce maka uffan ba. Na san da haka sarai. Sai dai duk siffofin da nake gwada ta da su a makaranta lafiyayyu ne, don haka abin ya kwanta can bayan ƙwaƙwalwata.

Bayan kaka muka je Lajawa gaida surukina, mahaifin matata, wanda nake kira Baba. Kun dai san zaman suruki: na durƙusa can bakin zaure, kai a ƙasa, ba abin da ke fita bakina sai "na'am" da "to". Sai na ji yana gaya wa wani maƙwabcinsa cewa yana so ya mai da gonarsa lambun mangwaro, amma gonar a karkace take, ya rasa yadda zai jera ramukan su tafi daidai. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, ai akwai wata 'yar na'ura da na haɗa, ita wannan ne aikinta. In aka ba ta iyaka, ba ta kuskure ko taku ɗaya."

Ya ce, "Ikon Allah! Kai da kanka ka haɗa ta, Malam?" Na ce e. Ya juya ya dubi maƙwabcin nan da wani irin murmushi, ni kuwa na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Ranar Alhamis muka zagaya gonar. Yana gaba, ina biye da shi nesa kaɗan, duk kusurwar da ya tsaya sai in ɗauki wurin a wayata. Ta gabas, sai ya karya ya shigo ciki, ya bi wani layin gamba, sannan ya sake fita. Nan ma na ɗauka. Na lura bai yi magana ba a wurin, amma ban kawo komai a raina ba. Abin da ban sani ba shi ne, wannan lungun da gamba ta kewaye na ƙaninsa ne, wanda matata ke kira Baffa. A kan lungun nan suka yi shekaru ba sa ga-maciji bayan rasuwar mahaifinsu, ko a jana'iza aka haɗu kowa sai ya kau da kai. Da ƙyar mai unguwa da liman suka sasanta su, aka dasa gambar a gaban shaidu. Zumuncin gidan gaba ɗaya a kan wannan ciyawa yake tsaye.

Na koma gida na zuba kusurwoyin a manhaja. Nan da nan ta fitar da lup, lup ya fitar da wuraren ramuka, na tura su waya. Ko hoton siffar ban tsaya na duba ba.

Washegari Baba ya tafi kasuwar Wudil, ni kuma na iso gonar da sassafe da leburori da na ɗauko daga gari, waɗanda ba su san gonar ba balle tarihinta. In waya ta nuna wuri, sai in kafa tsinke, su kuma su haƙa. Aiki ya yi kyau, sahu ya miƙe ɗoɗar, har ina ɗaukar hoto. Can sai na ga waya tana jana zuwa ƙetaren gamba.

Na tsaya cak. Na tuna jiya a nan Baba ya karya. Har na lalubo lambarsa, sai na tsaya ina kallonta. Ni da ban taɓa kiran surukina a waya ba, yau in kira shi yana tsakiyar kasuwa in ce me? In ce na'urar da na cika baki a kanta ta rikice? Sai na ce wa kaina, ai na gwada ta iya gwaji, ba ta taɓa fita waje ba, ƙila ni ne na rikita gabas da arewa, tunda bayan girbi duk gonaki kama suke yi. Na mai da wayar aljihu na ƙetara.

Wani ɗigon ma a kan tushen gambar ya faɗa. Ɗaya daga cikin leburorin ya ce, "Malam, wannan fa kamar iyaka ce. A cire?"

Na ce, "In nan ta nuna, to nan ne."

Kai, wannan magana tawa! Har yau in na tuna ta sai na runtse ido.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga wani dattijo a kan babur, ko tsayar da shi bai gama yi ba ya diro. Baffa ne. Ya dubi ramuka a cikin gonarsa, ya dubi gamba a tuge saiwa a sama, sai ya ɗora hannu a ka ya fara salati da ƙarfi. Kafin ka ce me, mutane sun taru. Ana cikin haka Baba ya iso, an riga an tare shi a hanya da labari.

Baffa ya ce, "Yaya, ashe maganar nan ba ta mutu ba? Shekara da shekaru kana yi mini dariya, ashe jira kake ka samu suruki mai na'ura?"

Sai a lokacin na buɗe hoton siffar a waya. Ga shi nan ƙuru-ƙuru: inda ya kamata layi ya lotsa ciki, ya miƙe sak, ya haɗiye lungun Baffa gaba ɗaya. Na matso na durƙusa na ce, "Baba, wallahi ni ne, na'urar ce ta..."

Bai ko dube ni ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba da kai ake ba."

Sai ya tattare babbar rigarsa, ya taka har gaban ƙaninsa, ya durƙusa. Dattijo mai furfura, a gaban wanda ya goya yana yaro, a gaban jama'ar gari. Ya ce, "Ni na zagaya da shi, ni ne ban nuna masa da kyau ba. Baƙo ne, bai san komai ba. Ka yi haƙuri, don Allah."

Ni na san ƙarya yake yi domina, kuma ba ni da bakin ƙaryata surukina a bainar jama'a. Ban taɓa jin na ƙasƙanta irin na wannan lokacin ba.

Baffa ya ce to yanzu da aka tuge gambar, wa zai yarda da inda take a da? Baba ya miƙe, ya ja da baya cikin tasa gonar da 'yan taku, ya ja layi da ƙafa. Ya ce, "A mai da ita nan. Abin da ke tsakani naka ne, na bar maka." Haka aka yi. Ni kuwa na karɓi fartanya na shiga cike ramuka, da shaddata ta Juma'a, ban iya ɗaga kai na dubi kowa ba har na gama.

Da na gaya wa matata, sai ta fara hawaye. Ta ce duk tsawon rigimarsu, har liman ya roƙa, Baba bai taɓa ce wa Baffa ka yi haƙuri ba.

Na yi kwanaki ban iya taka Lajawa ba. A cikinsu na zauna na gyara manhajar: yanzu in ka ba ta siffa mai lotsawa, tsayawa take yi cak, ta ce sai ka raba ta gida-gida, kuma ba ta fitar da lup sai ta nuna maka hoto ka amince. Gyaran bai ci mini wuni guda ba, wannan ma ya ƙara mini takaici.

Da na yi ta maza na je ban haƙuri, Baba ya bari na gama in'ina tukuna. Sannan ya ce, "Da na bari aka ce kai ne, har ka tsufa sunanka a garin nan mai tuge iyaka, 'ya'yanka ma su gada. Shi kuwa ɗan'uwana ne, zai huce." Ya ƙara da cewa, "Na'urar taka ta warke? Sauran gonar fa na jiranka."

Baffa ya huce ɗin kuwa, har ya zo sunan ɗana na fari. Mangwaro ya girma, muna sha duk shekara. Amma yankin da Baba ya bayar ya tafi ke nan.

Abin da na koya shi ne, duk ran da idona ya ce wani abu na'ura ta ce wani, to in tsaya in tambaya, komai nauyin bakina da girman wanda zan tambaya. Kunyar kira ɗaya na guje wa a ranar, sai ga shi wanda na ji nauyin kira ɗin ne ya sa gwiwarsa a ƙasa ya biya mini.