Amaryar da Ba Ta Jin Ƙamshi

Har yau ban manta da wata Alhamis ba, bayan Babbar Sallah, da aka tura ni aikin liyafar wata amarya a Ɗan Agundi. Lokacin na ɗan kwana biyu a gidan Hajiya Yalwa da ke Ƙofar Na'isa, inda yawancinku kuka zo kuka same ni.

Ga wanda bai san tsarin gidan ba, Hajiya ce uwar ɗaki. Ita ke karɓar aiki, ita ke magana da iyayen amarya. A ƙarƙashinta akwai masu gyaran jiki, wato dilka da halawa da lalle, akwai masu turare, sannan mu 'yan kicin. Ni daga wanke-wanke da yankan albasa na fara, har aka ɗaga ni na zama mai koya wa amare girki.

A shekarun ne 'yan mata suka shigo da yayin liyafar ƙawaye kafin kamu, wadda suke ce wa shawa. A yi anko, a yanka kek, a yi ta hotuna. Iyaye suka fara ƙorafin cewa ba abin da amarya ke ƙaruwa da shi, sai Hajiya ta ƙara wani abu da ta kira zaman tukunya. Ana kafa risho a tsakar gida, a gayyato gwaggwanni da innoni na ɓangaren amarya da na ango, kowacce ta ba amarya girki ɗaya da baki, sannan amarya ta haɗa miya a gabansu. Aikina shi ne in je tun safe in gwada amarya a keɓe, da yamma kuma in jagoranci zaman.

Kun san halina da littattafan soyayya. Tun ina makarantar islamiyya nake sayensu a kasuwa ina ɓoyewa a ƙarƙashin filo, shi ya sa duk amaryar da na gani sai in ɗauke ta tauraruwar wani labari. Wannan sunanta Safiyya, doguwa ce mai sanyin murya, idan ta yi murmushi sai ta sunkuyar da kai. Angonta Kabiru, gidansu majema ne, yana da rumfar fata a Kasuwar Kurmi. Tun a hanya na gama tsara musu labari a raina.

Muka shiga kicin da hantsi, muka fara shirin miyar taushe. Hannunta yana da kyau, ta fere kabewa ta gyara alayyahu ba tare da na ce komai ba. Sai aka kira ni soro in karɓi kayan da Hajiya ta aiko. Na ɗan jima a can. Da na dawo, tun daga bakin ƙofa warin gas ya buge ni har sai da na ja da baya. Ashe iska ta kashe wutar, gas yana ta fita. Safiyya tana tsaye a tsakiyar warin nan, hankalinta kwance, ta zaro ashana za ta ƙyasta.

Ban san lokacin da na damƙe hannunta ba. Na fizge ashanar, na rufe silinda, na buɗe taga, na jawo ta waje.

"Ke amarya, kashe mu za ki yi? Ba kya jin wannan warin?"

Ta dube ni, ta dubi kicin ɗin. Sai idanunta suka cika.

"Anti Bilki, ba na ji."

Muka zauna a bayan ɗaki ta ba ni labari. Wani zazzaɓi mai mura ta yi tun kafin ta haɗu da Kabiru. Ta warke, amma hancinta bai dawo ba. Gishiri da sukari da tsami tana ji a harshe, zafin barkono ma tana ji, amma daddawa da citta da kanumfari duk ɗaya ne a wurinta. Turaren wutar da masu turarenmu suka yi ta tsuguna ta a kai, hayaƙi kawai take gani. An je asibiti, an ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma ya daɗe. Mahaifiyarta ce kaɗai ta sani, ta ce a yi shiru har Allah ya kawo sauƙi.

"Shi Kabirun bai sani ba?"

Ta girgiza kai. "Anti, kin san warin jima ba ya barin mutum ko ya yi wanka. Ya ce duk yarinyar da ya taɓa zuwa wurinta sai ta ja mayafi ta rufe hanci. Ni kaɗai ce ban taɓa yi ba. Ya ce ranar da ya lura da haka ya san ni ce matarsa. Yaya zan ce masa ba haƙuri nake yi ba, ji ne ba na yi?"

Wallahi zuciyata ta narke. Na ce a raina ga labarin da ya fi na littafi. Na yi mata alkawarin zan tsaya kusa da ita a zaman yamma, ba wanda zai gane.

Dokar aikinmu ita ce duk abin da ya faru a gidan biki, Hajiya za ta fara ji. Da ta iso bayan azahar na ja ta gefe na faɗa mata, har da alkawarin da na yi. Ta saurare ni tana gyara zaman gilashinta.

"Yau kya tsaya kusa da ita," in ji ta. "Sati mai zuwa fa? Ke za a kai gidan mijin tare da kayan gara?"

"Hajiya, in ya ji zai iya fasawa."

"Zai iya. Amma Bilki, miya in ta lalace zubarwa ake yi. Wannan abin da kika tarar ɗazu ba a zubar da shi. Ba ni zan faɗa masa ba, ba ke ba, ba hurumin mu ba ne. Ki rufa mata asiri a gaban mutane, wannan aikinmu ne. Sauran kuma zan yi magana da ita da uwarta."

Bayan la'asar tsakar gida ya cika. Ƙawaye sun sha ankon ruwan hoda, sun gama hotunansu da wasanninsu, aka shimfiɗa tabarmi ga manya. Aka zaunar da Safiyya gaban risho, na zauna gefenta. A cikin manyan akwai Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifin ango, wadda kowa ya san bakinta ba ya jiran izini.

Innar amarya ta fara da miyar kuka. "Ki daka daddawarki da albasa, ki zuba tun ruwa bai tafasa ba. Da kin ji warin ya tafi ƙamshi ya taso, to ta nuna."

Wata ta karɓa da dafa-duka. "Ki yi ta soya kayan miya har ƙamshi ya leƙa maƙwabta."

Wata ta ce nama idan an aiko daga kasuwa, kafin komai a shinshina. Wata ta ce ƙullun waina ana gane ya tashi idan an buɗe an ji ɗan tsami-tsami a hanci.

Ina zaune ina jin su. Ni kaina haka nake koyarwa. Duk girkin da iyayenmu suka ba mu, da hanci suka auna mana shi. Na dubi Safiyya, tana ta gyaɗa kai cikin ladabi, ta damƙe ludayi kamar za a ƙwace mata.

Sai na ce, "Inna, ina da tambaya. Idan mace tana mura fa, hanci ya toshe, ga miji ya taho da baƙi?"

"Sai ta aika gidan uwarta!" in ji wata, aka kwashe da dariya.

"A'a, don Allah. Ku da kuka shekara kuna girki, ba ku taɓa mura ba?"

Inna ta ce, "To, ai kayan miya in sun soyu mai ne ke rabuwa ya taso sama. Kuma ƙarar tana canzawa. Da farko ɓal-ɓal yake yi, in ruwan ya ƙone sai ya koma cuu."

"Ba cuu ba ne, Inna, sii yake yi," in ji Gwaggo Rabi. "Naki dai ƙonewa yake."

Nan fa gardama ta tashi, kowacce tana so ta nuna ta fi sani. Mai waina ta ce ƙullu in ya tashi za ki ga ƙananan ƙwai-ƙwai a samansa, in kin zuba a tanda kuma kada ki juya sai ya huhhuje. Aka ce shinkafa in ruwanta ya tsotse za ki ji tana ƙas-ƙas a gindin tukunya, to a rage wuta. Nama in ya fara lalacewa yauƙi yake a hannu, launinsa ya dusashe. Man ja in ya soyu kumfarsa ce ke kwanciya. Miyar taushe kuwa sai gyaɗa ta saki mai, kabewa ta narke ta bi ludayi. Abubuwan da suka sani ne tun suna 'yan mata, amma ba wanda ya taɓa tambayarsu, su ma ba su san sun sani ba. Ƙawayen da suka zo don kek har suka ajiye waya suna saurare.

Safiyya ta haɗa taushenta tana kasa kunne, tana kallon mai. Gwaggo Rabi ta ɗanɗana ta ce, "Daddawa ta ɗan yi yawa, amma ɗana zai rayu."

Da aka fara watsewa, Hajiya ta shiga ɗaki da Safiyya da mahaifiyarta. Ban san duk abin da aka faɗa ba. Can sai Safiyya ta leƙo ta ce in zo in tsaya kusa da ita, za ta kira shi yanzu kafin ƙarfin halinta ya gudu.

Ta kira Kabiru. Ta gaishe shi, ta faɗa masa komai tiryan-tiryan, tun daga zazzaɓin har ashanar safe. Ni ina tsaye na riga na tsara amsarsa. Ko dai ya ce ta yaudare shi, ko ya rantse cewa shi zai zama hancinta har ƙarshen rayuwa.

Sai muka ji ya ce, "Kin ƙone?"

"A'a, Yaya Kabiru."

"Silindar gidan can a cikin kicin na sa ta. Bari in nemo mai gyara." Ya kashe.

Safiyya ta fashe da kuka. "Bai ce komai ba, Anti. Bai ce ya yafe ba."

Ni ma na rungume ta ina taya ta kuka. Hajiya ta dube mu ta ce, "Ku biyun nan littafi ya lalata ku. Mutum ya tashi zai fasa bangon sabon gida saboda ke, kina jiran ya yi miki waƙa?"

Washegari da aka je jere, an tarar an huda bangon kicin, an fitar da silinda waje an yi mata keji, an ƙara taga. Labari kuma ya isa kunnen Gwaggo Rabi, domin Kabiru ne ya faɗa mata da kansa. Ranar kamu ta kama haɓar Safiyya ta ce, "Yaron nan duk zuwa zance sai ya juye kwalbar turare a jikinsa har mu a gida mu yi ta atishawa. Ashe asara ya yi ta yi." Aka ɗaura aure ranar Asabar kamar yadda aka sa.

Amma kada in ce muku abin bai taɓa shi ba. Bayan wasu watanni Safiyya ta zo gidan Hajiya gyaran wata ƙanwarta, muka keɓe. Hancin bai dawo ba, sai dai wani lokaci takan ji kamar inuwar ƙamshin lemo. Ta ce a makon farko Kabiru ya yi ta kaffa-kaffa da ita, amma da ganinsa akwai magana a bakinsa. Wata rana da ya dawo daga kasuwa, tun bai cire hula ba ya tambaye ta.

"Safiyya, da kina ji, da kin aure ni?"

Na ce, "Me kika ce?"

"Na ce ban sani ba."

"Haba amarya! Ko ɗan daɗin baki?"

"Anti, na gaji da ɓoyo. Na ce masa wallahi ban sani ba, wataƙila da na ja mayafi kamar sauran. Amma yanzu na san shi, ko gobe hancin ya dawo ba inda za ni. Ya nemi wuri ya zauna. Sai ya ce in zubo masa abinci."

Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa ganin wanda yarinya ta ce wa masoyinta ban sani ba. Na yi kwanaki maganar tana yi mini yawo, ina neman inda ta gaza, ban samu ba.

Tun daga wannan aikin na canza yadda nake koyarwa. Kowane girki sai na ba amarya alamarsa ta ido da ta kunne da ta hannu, ba ta hanci kaɗai ba. Kuma kafin in kunna wuta, nakan zaunar da ita mu biyu in tambaye ta ko akwai abin da take so in sani. Za ku yi mamakin abin da ke fitowa. Wata ba ta gani sosai sai da gilashi amma ta ɓoye shi saboda hoto, wata jiri ke ɗibarta in ta daɗe a tsaye. Mu a wannan sana'ar an ɗauke mu ne mu sa amarya ta fito ba aibi, kuma muna yi, a gaban jama'a ma dole mu yi. Sai dai jama'a suna watsewa kafin magariba. Akwai mutum ɗaya da zai rage tare da ita, shi kam kada ku taya ta ɓoye masa.